Da Sauƙi Sau Ashirin da Uku

Litinin, 3 ga wata, bayan azahar

Bismillahi. Wannan littafin nawa ne na kaina. Na asibiti yana can cikin aljihun tebur, baƙi mai jan layi, ba a rubuta masa sai abin da aka ji da kunne. Wannan kuwa jiya na saye shi, domin akwai maganganun da ba su da gurbi a wancan.

Nas ta aiko a kira ni da safe. Na tarar da ita a ɗakinmu na bayan asibitin unguwa, ta cire takalma, ta ɗora ƙafa kan benci, takarda a hannunta. Ban taɓa ganin ɗakin ranar Litinin ba. Tabarmi a naɗe, a jingine da bango kamar mutanen da suka juya baya. Ranar Alhamis kaɗai na san shi, sa'ad da mata ashirin da uku ke cika shi, masu ciwon da ya zo ya zauna: gwiwa, baya, ƙugu, ƙashi. Shekara guda ke nan Nas tana koya musu yadda ake zama da irin wannan ciwo. Yadda ake numfashi, yadda ake miƙa jiki, yadda ake raba aikin gida kashi-kashi kada a yi shi a tashi ɗaya a kwanta kwana uku. Wata gidauniya ce daga nesa ta ba da tallafin. Su suka sayi tabarmin da fanka, su ke riƙe da motar da ke ɗauko waɗanda ba sa iya takowa. Ni nawa aikin zaman bakin ƙofa. Duk wadda ta shigo in rubuta sunanta, in tambaye ta yaya jiki, in rubuta amsarta. An ba ni aikin ne saboda rubutuna yana karantuwa, kuma an san ba na ƙari a magana.

Da shekara ta cika muka aika musu hoton shafukan littafin domin su sabunta mana. Amsarsu ce a hannun Nas.

Ta ce, "Malama, zauna. Kin tuna abin da kika rubuta ranar farko?"

Na ce, "Abin da suka faɗa."

"Da sauƙi. Sau ashirin da uku. Ranar ƙarshe fa?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Da sauƙi, sau ashirin da uku. An fassara musu. Shi ne suke tambaya, cikin ladabi kuwa: in tun ranar farko kowa na jin sauƙi, me muka tara su yi? In kuma da can ba sauƙin, ina shaidar an samu canji?"

Alhamis ta ƙarshen wata za su turo mutum ya gani da ido, ya ji da kunne. In bai gamsu ba, motar ta tsaya, ɗakin ya koma ma'ajiyar karyayyun gadaje yadda yake a da.

Na dawo gida a hankali. Akwai wani wuri a layinmu inda inuwar bango ke faɗowa daidai faɗin mutum ɗaya. Na daɗe a tsaye a cikinta, ban san me nake jira ba.

Talata, 4, da hantsi

To, me kuma mutum zai ce in an tambaye shi yaya jiki?

Laraba, 5, bayan la'asar

Kofin shayin Malam, maigidana, ya faɗi ya fashe. Santsi gare shi.

Alhamis, 6, kafin magariba

Nas ta zo da wani kwali mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har mai kuka, sifili zuwa goma. Ta ce daga yau ba za a ce da sauƙi ba, kowa lamba za ta faɗa.

Da Gwaggo aka fara. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka kowa ke kiranta. Ta haura saba'in, gwiwoyinta sun kumbura kamar ta ɓoye kwanuka biyu a ƙarƙashin zane. Ta karɓi kwalin ta nisanta shi da fuskarta.

"Wannan mai kukan ɗan gidan wa ne?"

"Goma ce, Gwaggo. Ciwon da babu na sama da shi."

"Goma ai ta 'yan wuta ce, Allah ya tsare mu. Tara ta mai naƙuda. Ni a rubuta min biyu."

"Gwaggo, mutum biyu ne suka sauko da ke daga mota yanzun nan."

"Shi ya sa na ce biyu."

Ɗaki ya ɗauki dariya, wasu suna riƙe ƙugu saboda dariyar ma tana taɓa wurin. Sai Mai Keke, telar da shekara talatin ta ɗinki ta cinye mata baya, ta ce ita ba za ta kai ƙarar Ubangijinta wurin takardar mutanen da ba ta taɓa gani ba. Tana ci, tana sha, tana ganin ramin allura ba tabarau. A sa mata uku. Wata ta ce ɗaya da rabi. Babu wadda ta haura huɗu, ita ma mai huɗun sai da ta yi istigfari.

Bayan an watse Nas ta tsaya gaban teburina.

"Malama, ke kika ga yadda suka zo bara. Gwaggo a keken marasa lafiya aka shigo da ita. Mai Keke in almakashi ya faɗi sai ta jira wani ya zo wucewa. Buɗe sabon shafi, ki sa kwanan watan bara, ki ba kowa lambarta yadda kika gani. Ai ba ƙarya ba ce."

Na ce, "Ba su faɗa ba."

"Amma gaskiya ce."

"'Yata, ciwo a cikin jikin mai shi yake. Ni daga bakin ƙofa nake kallo. In na sa lamba a bakin mace, na kuma sa kwanan watan da ba ranar na rubuta ba, na zama mai shaidar abin da ban ji ba."

Ta daɗe tana kallona. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta tashi ba.

"Ke tsoron alƙalami kike ji. Ni tsoron ranar da motar nan za ta daina zuwa nake ji, Gwaggo ta koma ɗaki ta kwanta ta fuskanci bango."

Ta fita ba sallama. Ba ta taɓa yin haka ba.

Juma'a, 7, bayan baccin rana

Na yi mafarki ɗakin ya cika da ruwa, ruwa mai ɗumi, ga haske a ƙasansa. Tabarmi suna yawo a kai, kowace mace a zaune kan tata, ta goya lambarta a baya kamar jariri. Ba wadda ta yarda a ga fuskar nata. Teburina ma yana yawo, ni ina riƙe da littafi a sama kada ya jiƙe. Da na farka hannuna yana sama har yanzu, sai da ɗayan ya taimaka masa ya sauko.

Asabar, 8, bayan azahar

A zaune na yi sallah. Na rufe ƙofa tukuna.

Lahadi, 9, da yamma

Yau Inna ke ta zuwa min a rai. Wata shida ta yi a kwance kafin Allah ya karɓi abarsa. Masu dubiya su shigo su durƙusa, "Inna, yaya jiki?" ta ce, "Da sauƙi." Ranar da ba ta iya haɗiye ruwa ba ma haka ta ce, da leɓe kawai, ba murya. Inna kuwa ko a wasa ba ta ƙarya. Ita ce ta taɓa mayar da ni makarantar allo da ƙafa, tsakar rana, in gaya wa malaminmu cewa ban haddace inda na ce na haddace ba.

To me take nufi? Na juya abin tun safe. Ina ganin ba labari take bayarwa ba, roƙo take yi. Ana faɗin kalmar ne kamar yadda ake shimfiɗa wa baƙo tabarma tun bai iso ba. Shekara guda ke nan ina rubuta addu'o'in mata a gurbin da aka tanada domin labari, na aika wa mutanen da suka karanta su a matsayin labari. Laifin wa ke nan? Na duba ko'ina, sai in dawo bakin ƙofar nan inda nake zama.

Labulen ɗakina yana shiga yana fita da iska, yana shiga yana fita, daidai yadda Nas ke ƙirga musu numfashi.

Talata, 11, bayan la'asar

Na ce wa Malam zan je babban asibiti dubiya. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, akwai marasa lafiya a kan benci kuma na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Amma Allah ya san abin da na so Malam ya fahimta, na kuma nemi gafara.

Likitan ya ce yaya jiki, na ba shi amsar da ake bayarwa. Ya riƙe yatsuna yana lanƙwasa su ɗaya-ɗaya yana kallon fuskata, ni kuma ina kallon kalandar bango, hoton wani tafki da jirgin ruwa ba kowa a ciki. Ya duba takardun gwajin wancan watan. Ya faɗi sunan abin. Suna ne dogo, ba zan ɓata shafi da shi ba.

A mota na yi ta tunanin inda mai jirgin ya tafi.

Alhamis, 13, kafin magariba

Magana ta fita. Yau gaisuwa gajeru aka yi min. Mai Keke ta tsaya a ƙofa tana gyara mayafi, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malama, an ce layi ashirin da uku ne kacal tsakaninmu da motar nan. Ni da na iya rubutu da tuni na huta."

Na ce, "Yaya jiki?"

Ta ce, "Rubuta abin da kika saba."

Haka na rubuta: rubuta abin da kika saba.

Suna kwance suna numfashi, ni na koma shafukan bara ina bi layi-layi, sai na ga wani abu. Ba iri ɗaya ba ne. Ranar farko Gwaggo cewa ta yi, "To, da sauƙi dai." Watan jiya kuwa, "Da sauƙi, 'yar nan, sosai." Mai Keke ta fara da "Da sauƙi za a ce," ta ƙare da "Da sauƙi kam." Duk yana nan, domin yadda aka faɗa nake rubutawa. Zuciyata ta yi fari. Da aka tashi na kai wa Nas da sauri, ina nuna mata da yatsa.

Ta karanta, ta yi wata dariya ta gajiya. "Na gani, Malama. Ni da ke mun san tsakanin dai da kam akwai tafiyar shekara. Amma yaya zan fassara musu dai? A wane gurbi zan sa kam?"

Ta dai yi min sallama yau.

Juma'a, 14, da hantsi

Na ɗauko littafin asibiti na zo da shi gida. Na buɗe sabon shafi, na rubuta kwanan watan bara a sama. Na rubuta sunan Gwaggo. Alƙalamin ya tsaya a gurbin lamba har tawada ta yi ɗigo.

Shafukan suna da lamba, ba a yagewa. Na ja layi a kai, na rubuta a gefe: kuskurena ne, yau 14 ga wata.

Lahadi, 16, bayan azahar

Malam ya kawo aiki gida, ya baje a tabarmar tsakar gida inda haske ya fi. Shekara talatin da biyu yana gyaran agogo, har yanzu ina son kallonsa in ya maƙala gilashin nan a ido ɗaya. Ya ce kowa in ya kawo agogo cewa yake yi "yana ɗan latti ne kawai," ko da agogon ya yi wata uku a tsaye. Shi ba ya musu da kowa, bayan agogon yake buɗewa.

Ya miƙo min wata 'yar ƙaramar ƙusar agogo in riƙe masa. Na ce hannuna da danshi.

Bai ɗago ba ya ce, "Yaya hannun?"

Na ce, "Wane hannu?"

Ya ci gaba da aikinsa. Agogo bakwai a gabansa, kowanne da lokacin da yake faɗa. Na zauna a tsakaninsu, sai na ji kamar in na zaɓi wanda ya fi latti zan iya komawa bara in sake tambayar matan nan wata tambaya dabam.

Talata, 18, da safe

Maɓallan riga. Na canza zuwa wadda ba ta da su.

Alhamis, 20, bayan la'asar

Na gwada wata tambaya dabam ɗin. Duk wadda ta shigo na ce, "Me kika yi makon nan wanda bara ba ki iya ba?" Ashe nan bakin yake. Wata ta goya jikarta har bakin titi. Wata ta shanya wanki da kanta, rabi da safe rabi da yamma, yadda aka koya musu. Mai Keke, duk da fushinta, ta ce ta yi kwana tara ba ta haɗiyi jar ƙwayar nan ta rage ciwo ba. Gwaggo ta ja ni kusa ta ce a kunnena, "Na kai goshi ƙasa ranar Juma'a. Shekara huɗu rabona. Tashi ne dai sai da aka kira maƙwabta."

Nas ta karanta shafin tana murmushi, ta aika musu nan take ta waya. Kafin mu naɗe tabarmi amsa ta dawo. Sun ji daɗin labaran ƙwarai, za su sa a mujallarsu. Amma fom ɗin sabuntawa gurbi biyu gare shi, lambar da da lambar yanzu, kuma wadda za ta zo ita za ta tambaya da bakinta.

Nas ta ce, "Saura kwana bakwai." Ba ta ƙara roƙona ba. Da ta roƙa da ya fi min sauƙin ɗauka.

Asabar, 22

Da hagu nake wannan. A yi haƙuri da shi.

Litinin, 24, bayan baccin rana

Inna a kan tabarma cikin ruwan nan mai ɗumi, ta zo daidai teburina. Na ɗauki alƙalami na ce yaya jiki. Ta ce, "Ke nake jira in tambaya." Sai ruwan ya juya da ita a hankali ya yi gaba.

Laraba, 26, kafin magariba

Na tuna darasin da aka yi mana muna yara, na annabin da ya shekara da shekaru yana jinya, wanda ake misali da haƙurinsa. Shi ma ya buɗe baki ya faɗi cewa cuta ta taɓa shi, ba a kuma cire shi daga masu haƙuri ba. Na san wannan tun ina 'yar shekara goma. Ban san me ya sa ban taɓa jin shi da kunnen kaina ba sai yau.

Gobe ne.

Alhamis, 27, bayan magariba

Zan rubuta a hankali, ko zai kai ni gobe.

Baƙuwar ta zo da hantsi. Mace ce siririya mai jakar goyo, Hausarta ta littafi, tana gaisuwa tana ƙirga gaisuwar a ido kada ta tsallake ɗaya. Matan sun sha ado kamar masu zuwa biki. Gwaggo ta hana a riƙe ta daga mota, ta tako da kanta, gumi na bin wuyanta, tana murmushi. Nas ta dube ni, na dube ta. Mun san an gama. Wa zai nuna wa baƙo rauninsa ranar da ya zo?

Baƙuwar ta bi su ɗaya-ɗaya da kwalin fuskoki. Bara nawa, yanzu nawa. Biyu, biyu. Ɗaya, ɗaya. Uku, biyu da rabi. Kowace ta ƙara da yi mata sannu da hanya. Da ta gama ta zauna bakin benci, ta dubi takardarta, ta dubi gwiwoyin Gwaggo.

Ta ce, "Iyayena, ina gani da idona. Amma ni 'yar aike ce. Waɗanda suka aiko ni ba za su ga abin da na gani ba, kuma ba zan rubuta abin da ba a faɗa mini ba."

Maganata ce a bakin wata. Na ji ta kamar an kira sunana a cikin barci. Fanka tana juyawa, hasken taga ya kwanta a kan ƙafafun mata, baƙuwar tana rufe alƙalaminta.

Na ce, "Ni ba a tambaye ni ba."

Nas ta ce, "Malama, ke ai ma'aikaciya ce."

Na ce, "Takwas."

Ban san muryata za ta kai ƙarshen ɗaki ba. Na ɗora hannun a kan tebur inda kowa zai gani, na janye mayafin da nake rufe shi da shi. Na ce wata bakwai ke nan. Da safe yakan kai tara. Na ce alhamdulillahi, kuma takwas ne.

Ba wadda ta motsa. Nas ta zo ta ɗauki hannun tana dubawa. Sai muryar Gwaggo daga can kan tabarma.

"Takwas. Kina zaune nan wata bakwai da takwas ɗinki a ƙarƙashin mayafi, kina tambayarmu yaya jiki."

Na ce, "Ki yafe ni, Gwaggo."

"Ban yafe ba tukuna. Yarinyar da na girma da shekara ashirin ba za ta fi ni ba a gaban baƙuwa." Ta juya. "Ke 'yar aike, goge biyun nan. Bara tara, har da ɗoriya. Yanzu shida. In hadari ya haɗu, bakwai. Alhamdulillahi."

Baƙuwar ta buɗe alƙalami.

Daga nan sai abin ya zube kamar an kwance bakin buhu. Wannan ta ce bakwai da huɗu. Waccan ta ce ita bara ba ta san lamba ba, ta san dai ta taɓa roƙon Allah kada gari ya waye da ita, yanzu kuwa biyar. Aka ce mata sannu, sannu ta gaske. Biyu suka yi gardama kan wa ta fi wata a watan sanyi. Mai Keke ce ta ƙarshe. Ta ce tara, yanzu biyar, hawaye na sauka ba ta share ba, ta ce shekara goma sha ɗaya ko mijinta bai taɓa jin wannan daga bakinta ba. Kowace in ta faɗi lambarta sai ta bi ta da hamdala. Baƙuwar ta tambaye ni ko ta rubuta har da wannan, tunda babu gurbinsa. Na ce ta rubuta a gefe, haka aka faɗa.

Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce za mu ji.

Juma'a, 28, da hantsi

Na gaya wa Malam, har da sunan abin. Ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye.

Ya ce, "Gida ɗaya muke kwana, baƙuwa ta riga ni ji."

Ya tashi ya ɗora ruwa a wuta, ya kawo a roba da tawul, ya ce in sa hannun. Bai ƙara magana ba har ruwan ya huce. Ina ganin wannan zai ɗauki kwanaki, kuma yana da gaskiya.

Talata, 2 ga sabon wata

Shiru.

Asabar, 6

Shiru. Mai Keke ta aiko min da riga mai zif a gaba, ba saƙo.

Litinin, 8, bayan azahar

Nas ta zo har gida, ba ta ko zauna ba. Sun sabunta. Shekara guda, mota da ɗaki da komai. A takardar sun rubuta mata ashirin da huɗu.

Na ce, "Kuskure ne, ashirin da uku ne."

Ta ce, "Ba kuskure ba ne, Malama. Littafin kuma ni zan riƙe har hannun ya huta."

Alhamis, 11, kafin magariba

Yau na wuce teburin. Nas ce a kai, ta tambaye ni lamba na ce bakwai, ta rubuta da rubutunta mai kama da tafiyar kaza.

An shimfiɗa min tsakanin Gwaggo da Mai Keke. Sunana ya riga ya canza. Gwaggo ta ce, "Matso, Takwas, kada ki tsaya kamar mai karɓar haraji."

Nas ta ce a kwanta a miƙe, a shaƙi iska har huɗu, a sake ta har shida. Na san kalmomin nan kamar karatun da na haddace, amma ban taɓa jin su daga ƙasa ba. Tabarma ta karɓi bayana. Fanka ta yi nisa. Sai na ga ashe shekara guda ina ɗakin nan ban taɓa ganin rufinsa ba. Akwai wani babban tabo da ruwan sama ya bari a silin, launin shayi, gefensa a lanƙwashe.

Gwaggo ta yi ƙasa da murya. "Kin gan shi? Kunnen marigayi mijina ne. Ko a nan bai daina sauraren hirar mata ba."

Mai Keke ta ce, "Hannun riga ne da aka yanka ba daidai ba. Tun bara nake gaya mata."

Ashe duk ɗakin an rabu biyu a kan wannan, tun ranar farko, ni ina can bakin ƙofa ban sani ba.

"To, Takwas, ke da ba kya ƙari a magana. Raba mu. Me kika gani?"

Na duba. Yana kama da kunne, yana kama da hannun riga, in na lumshe ido kuma sai ya zama wani abu da ke tafiya a hankali. Na ce ba zan yanke ba sai na ƙara dubawa.

Gwaggo ta ce, "Duba a tsanake. Kina da shekara guda."